Kaset bakwai na Baba da shagon da ya juye mini su

Da muka zo kwashe kayan ɗakin Baba bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da kwalin kaset-kaset na bidiyo a ƙarƙashin gado, irin VHS ɗin nan. Bakwai daga ciki wasannin kwaikwayo ne da ya riƙa ɗauka daga talabijin a shekarun 1980, wasu daga NTA, wasu daga CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Bidiyon gidanmu ta daɗe da mutuwa, sabuwa kuma babu ita a kasuwa, domin tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ya rage yana ƙera ta, ya daina. Shi ya sa na ɗauki kwalin na kai wani shago da aka ce mini suna juye kaset zuwa filas.

Ba don Samanja ko Karkuzu na damu ba. Waɗannan sun daɗe ana yi, sun yi suna, kuma in ka nema za ka ɗan tsinci guntayensu a YouTube. Su Usman Baba Pategi da Kasimu Yero, ko bayan rasuwarsu, ba a rasa mai tuna su. Abin da ya tsaya mini a rai wasu 'yan ƙananan wasanni ne da ake yi mako biyar ko shida, sai ka wayi gari an sa wani abu a gurbinsu, babu sallama. Akwai wani na rikicin 'yan haya da mai gida da muke kallo muna yara. A jikin kaset ɗin "Laraba" kawai Baba ya rubuta da biro, ranar da ake nuna shi ke nan. Duk wanda na ba labarinsa sai ya ce kamar ya tuna, kamar bai tuna ba.

Dalilin ɓacewar irin waɗannan ba ɓoyayye ba ne. Kaset ɗin U-matic da gidajen talabijin ke aiki da shi a wancan lokacin yana da tsada, don haka in an nuna shiri sai a ɗora wani a kansa. Wanda ya tsira daga shafewa kuma zafi da danshi da ƙura su gama da shi a sito. Ba mu kaɗai ba ne. BBC ma haka ta yi da shirye-shiryenta na da, har sai a 2013 aka gano kashi tara na Doctor Who da suka ɓace mata, a ajiye a wani gidan talabijin a Jos. To shirin da duniya ta sani ke nan. Ina ga wasan mako shida da aka ɗauka a wani tsakar gida a Kano?

Mai shagon ya san aikinsa, wannan ba zan tauye shi ba. Kafin ya sa ko ɗaya a na'ura sai da ya buɗe murfin kowanne ya duba zaren. Biyu ya ware gefe, ya nuna mini farin fumfuna a jiki, ya ce, "Yallaɓai, in na sa waɗannan haka, kan bidiyona zai toshe, zaren ma ya iya tsinkewa." Ya kuma gane cewa Baba a LP ya ɗauki yawancinsu, wato ya matsa awa shida a kaset ɗin awa uku, abin da ke rage kyan hoto, kuma ba kowace bidiyo ke karanta shi da kyau ba. Kuɗinsa a kan kaset yake, ba a kan awa ba, nan kam na ci riba. Ya ce kwana huɗu, ya kai mako biyu, amma da yake juyewar sai kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, ga ɗaukewar wuta, ban riƙe shi da wannan ba.

Inda muka saɓa shi ne "gyaran" da ya yi mini ban sa shi ba. Na dawo gida na sa filas a talabijin, sai na ga kowa ya yi ƙiba ya gajarce. Ashe ya ja hoton ne daga 4:3 zuwa 16:9 don ya cika allo. A kusurwa ga tambarin shagonsa da lambar waya, daidai inda fuskar mai gidan hayar ke yawan faɗowa. Wanda ya fi ƙona mini rai, ya yanke tallace-tallace da sanarwar mai gabatarwa da ke tsakani, wai don kada su ɓata mini lokaci. Ni kuwa rabin abin da nake nema ke nan. A bakin mai gabatarwar ake jin sunan shiri da ranar da zai dawo, a rubutun ƙarshe kuma ake ganin sunayen 'yan wasa. Duka ya datse. Sannan ya matse fayil ɗin irin yadda masu tura fina-finai a waya ke yi, duk wurin da ke da duhu ya zama dabbare-dabbare.

Na koma. Bai yi musu ba, ya ce yawancin masu zuwa bidiyon biki suke kawowa, kuma haka suka fi so. Ya sake juye biyar ɗin ba tare da ƙarin kuɗi ba, ni na sayi babban filas kawai. Wannan karon yadda kaset yake haka ya bar shi, da layin da ke rawa a ƙasan hoto, da muryar da ke shaƙewa in zare ya zo inda ya tattare. Ya fi mini na farko nesa ba kusa ba.

Zan sake kai masa aiki, amma sai na faɗa masa tun a bakin ƙofa: kada a ja hoto, kada a yanke komai, kada a sa tambari, kuma a dawo mini da kaset ɗina.

Wasan Laraba kashi huɗu muka samu, na ƙarshen ya katse ana tsakiyar shari'a a gaban mai unguwa, Baba ya ɗora wasan ƙwallo a kai. Hajiya ta kalle shi sau uku, ta ce ita ta tuna mai gidan ne ya yi asara, ƙanwarta ta ce sam, 'yan hayar aka kora. Kaset biyun masu fumfuna suna can shagon ana goge su da hannu, ɗaya daga ciki shi ma "Laraba" ne a jikinsa.