Tarihin Cypress Hill a bidiyo: wanne za a fara saya?

Mai neman tarihin Cypress Hill, mawaƙan hip-hop da suka taso a South Gate da ke yankin Los Angeles, abu uku zai fi cin karo da su, kuma kowanne da inda ya dosa.

In kuɗin na guda ɗaya ne, a kashe shi a kan fim ɗin tarihinsu "Cypress Hill: Insane in the Brain" da tashar talabijin ta Showtime ta fitar ranar 20 ga Afrilu, 2022. Estevan Oriol ne ya shirya shi, mutumin da ya daɗe yana kula da tafiye-tafiyensu, kamara na rataye a wuyansa. Shi ya sa ake ganin hotunan bayan fage da baƙo ba zai samu ba. 'Yan ƙungiyar, B-Real, da Sen Dog haifaffen Kuba, da DJ Muggs, da makaɗi Eric Bobo duk da bakinsu suke ba da labari, tun daga faifansu na farko a 1991 zuwa "Black Sunday" na 1993, wanda yana fitowa ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Su ne kuma ƙungiyar hip-hop ta 'yan asalin Latin Amurka ta farko da aka sa wa tauraro a titin mashahuran Hollywood, a 2019. Rauninsa ɗaya: na gida ne ya riƙe kamarar, don haka ba a matsa musu da tambaya sosai ba. Sannan maganar wiwi da ashariya sun yi yawa, ba na kallo a falo da yara ba ne.

"LA Originals" na Netflix, 2020, kan ruɗi mutane. Labarin Oriol ne da abokinsa Mister Cartoon mai zanen jiki, mawaƙan leƙowa kawai suke yi. Amfaninsa shi ne nuna unguwannin da salon ya fito.

Na uku wasan da suka yi ne a Royal Albert Hall ta Landan ranar 10 ga Yuli, 2024, tare da makaɗan London Symphony Orchestra. Kiɗa ne zalla, babu tarihi, kuma lasifikar waya ba ta fitar da amonsa.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sayen faifai. DVD na Amurka na yanki na 1 ne, na Turai 2, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5, don haka na'urar da aka kulle sai ta ƙi karɓa. A juya bayan kwalin a nemi 0 ko ALL, wato faifan da ke aiki a kowane yanki. Blu-ray ya fi sauƙi, tunda Turai da Afirka duk suna yankin B, Amurka na A. A sayi bugun Turai.

Mai kallo ta intanet ya fara tabbatar da fim ɗin yana buɗewa a ƙasarsa kafin ya biya kuɗin wata. A Netflix hoto mai kaifi na iya cin gigabait 3 a awa, matsakaici kuwa kusan 1. A kunna rubutun ƙasan allo tun daga farko, domin Turancinsu na titi ne, gauraye da kalmomin Sifaniyanci.