Kwana ɗaya a kogon Kepayang: sharhina kan wani ƙaramin kamfanin jagorori a Taman Negara

Shekara biyu na yi ina karatu a Malesiya ban taɓa fita daga kewayen Kuala Lumpur ba, daga ɗaki sai aji sai masallaci. Da aka yi hutu, abokina ɗan Zariya da muke gida ɗaya ya matsa mu je Taman Negara, babban gandun dajin ƙasar, mu ga kurmin da ake ta ba da labari. Ni a sanina yawon daji shi ne irin na Yankari: ka hau mota a zagaya da kai, ka hango giwa ko gwanki, ka dawo ka faɗa ruwan Wikki. Abin da muka tarar daban ne. Tun da na dawo 'yan'uwa ɗalibai ke tambayata wa ya kamata su nema in za su je, shi ya sa na zauna in faɗi abin da na gani, mai daɗin da marar daɗin.

Daga birni mun hau mota zuwa Jerantut a jihar Pahang, daga nan Kuala Tembeling, sannan kwale-kwale mai inji ya yi kusan awa uku yana haurawa da mu kogin Tembeling har ƙauyen Kuala Tahan. Akwai titi ma har ƙauyen, amma duk wanda zai je karon farko ina ba shi shawarar ruwa.

Kamfanin da muka yi ciniki da shi ta WhatsApp, da muka isa sai muka tarar shago ne na katako, teburi ɗaya, fanka, da taswira da ta koɗe a bango. Mai shi tsohon jagora ne da gwiwa ta hana shi shiga daji. Matarsa ce ke riƙe da waya da littafin lissafi. Jagororinsa 'yan ƙauyen ne, masu tuƙa kwale-kwalen kuma danginsa. Kowane jagora yana rataye da koren kati, shaidar lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, kuma ba mu tambaya ba matar ta nuna mana na wanda zai tafi da mu. Wannan ya kwantar mini da hankali.

Mun zaɓi tafiyar yini biyu da kwana ɗaya a kogo. Da safe aka ƙetara da mu ofishin ma'aikatan gandun, muka biya kuɗin shiga ringit 1 (ringit shi ne kuɗin Malesiya), da ringit 5 na izinin ɗaukar hoto. Sai wani abu da ya burge ni: ma'aikaci ya sa kowa ya zazzage jakarsa, ya ƙirga ledoji da robobin ruwa da batura ya rubuta, aka ce in mun fito za a sake ƙirgawa. Tun daga nan na san ba wasa aka zo yi ba. Gandun murabba'in kilomita 4,343 ne, ya ratsa jihohi uku, Pahang da Kelantan da Terengganu. An keɓe shi tun 1938 zuwa 1939 da sunan Sarki George na Biyar na Ingila, sai bayan 'yancin kai a 1957 aka canza masa suna. Ana cewa kurmin ya kai shekara miliyan 130, kuma in ka tsaya gindin bishiyoyinsa ba za ka yi musu ba.

Kwale-kwale ya sauke mu a Kuala Keniam, daga nan sai ƙafa, kimanin kilomita 8 zuwa kogon. Kada kilomita 8 ta ruɗe ka. Ba tafiyar Kano zuwa Kumbotso ba ce a kan kwalta. Saiwoyi ne da laka da gangare da rafuka, ga zafi mai jiƙa wanda ba iska a cikinsa. Kafin awa guda rigata ta zama kamar an tsamo ta daga bokiti. Sai da muka yi wajen awa shida.

Jagoranmu dattijo ne, zai ba hamsin baya, siriri, sanye da takalmin roba mai araha irin na masu tatsar ƙaro. Pak Cik muke ce masa, wato kamar mu ce kawu. Shi ne duk abin da na biya kuɗina dominsa. Ba shi da yawan magana, ba ya haddar bayani irin na masu nuna gidan tarihi. Yana tafe sai ya tsaya cak ya ɗaga hannu. A wani wuri ya tsugunna gaban wani tulin kashi da ni na ɗauka ƙasa ce, ya sa tsinke ya buɗa cikinsa, ya ce kashin giwa ne, kwana biyu da wucewarta. Ya nuna mana ƙananan bishiyoyin da ta lanƙwasa, sannan ya ɗaga sandarsa ya taɓa wata busasshiyar laka a jikin itace, sama da kaina sosai, inda ta tsaya ta sosa jikinta. Da ni kaɗai ne da na wuce wurin sau goma ban ga komai ba. Bayan nan muka yi shiru duka ba tare da an ce mu yi ba.

Ya nuna mana bishiyar tualang, fara sumul, ta fi kowace tsawo, da saƙar zuma na reto a rassanta can sama inda dabba ba ta iya kaiwa. Ya ɓanɓaro wani ƙaro a jikin itace da suke kira damar, ya sa a aljihu bai ce komai ba. Da yamma, itace duk a jiƙe, da shi ya hura mana wuta.

Sai matsattsaku. Nasu ba a ruwa suke zama ba, a kan ganye suke, siririn abu kamar tsinken ashana, ya miƙe tsaye yana lilo yana jiran ɗumin jikin mai wucewa. Ban ji cizo ba sam, sai da muka zauna hutu na ga safata ta yi ja. Na cire takalmi na tarar da uku a idon sawuna sun sha sun kumbura. Na kai hannu zan fizge, Pak Cik ya riƙe ni. "A'a, ɗana, in ka ja ciwo zai yi." Ya kwantar da farcensa a kan fatata ya tura a hankali ta gefen bakin, abin ya saki ya faɗi. Ya goge wurin, ya manna filasta, ya ce jinin zai ɗan jima yana tsiyaya, kada in damu. Dattijo da ya haife ni ya durƙusa a laka yana duba ƙafata. Ban manta wannan ba.

Dabbobi kuwa, gaskiya ba mu ga da yawa ba: birai, guza a bakin rafi, sawun aladen daji, da wasu manyan tsuntsaye dangin cilakowa da ƙarar fukafukansu ke riga su isowa. Akwai damisar nan mai ratsi-ratsi a gandun, amma Pak Cik ya ce a duk shekarunsa sawunta kawai yake gani. Na ji daɗin yadda tun a shago matar ta faɗa mana haka, ba ta sayar mana da abin da ba za mu gani ba.

Kogon Kepayang Besar ya fi wani masallacin Juma'ar girma, ga jemagu a sama, ga sanyi mai daɗi bayan wahalar yini. Jagora da yaronsa suka dafa shinkafa da miyar kaza da ganye, da shayi mai zafi. Maganar halal ba ta taso ba, su ma Musulmi ne. Mun yi alwala a rafin da ke kusa, Pak Cik ya nuna alƙibla, ya ce in shiga gaba tunda na zo daga nesa. Na ce, "Pak Cik, kai ne babba, kai za ka ja mu." Muka haɗa Magariba da Isha'i a bayansa, sauran baƙi Turawa suka yi tsit har muka idar. Cikin dare na ji ƙwas-ƙwas kusa da tukwane, na haska tocila, sai ga beguwa biyu suna neman ragowar abinci, ƙayoyinsu na sheƙi.

To, ga inda suka gaza, kuma ba zan rufe musu ba.

A waya an ce mana ba za mu wuce mutum shida ba. Da safe muka tarar mu goma ne, jagora ɗaya da yaro ɗaya. A irin wannan hanya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na baya ba ya jin abin da ake bayani a gaba, kuma da wata mata ta gurɗe ƙafa a yini na biyu, dole Pak Cik ya koma baya wurinta, aka bar mu da yaron da bai gama sanin hanya ba. Allah ya kiyaye, amma abin ya tsaya mini a rai. Na biyu, ba wanda ya faɗa mana cewa kowa zai ɗauki ruwansa manyan robobi uku, da tabarmarsa, da bargon kwanciya, da kasonsa na abincin gwangwani. Da mun sani da mun rage kayanmu tun a masauki. Bargunan kuma ba su bushe ba daga tafiyar da ta gabata, warin danshi suke yi. Wannan sakaci ne kawai, rana ɗaya a kan igiya ta isa.

Abin da ya fi damuna shi ne ziyarar ƙauyen Batek. Bayan mun sake taka wasu kilomita 8 mun fito Kuala Terenggan, kwale-kwale ya tsaya da mu a wani zangonsu a bakin kogi. Batek na cikin mutanen asali na ƙasar, waɗanda ake kira Orang Asli, mafarauta ne masu ƙaura daga wuri zuwa wuri a cikin kurmin. Wani mutum ya nuna mana yadda suke haifar da wuta da igiyar wata kurangar daji da suke kira rotan da busasshen itace, da yadda suke hura ƙaramar kibiya ta cikin dogon bututun gora. Gwaninta ce ta gaske. Amma minti ashirin aka ba mu, kowa ya zaro waya, wasu har suna leƙa bukkoki suna ɗaukar mata da yara ba sallama ba izini. Na ji kunya ƙwarai. Na tuna yadda nake ji in na ga baƙo yana ɗaukar almajirai hoto a Kano. Kamfanin ya kamata ya ja wa baƙinsa kunne tun kafin su sauka daga jirgi, kuma ba su yi ba.

Da muka dawo, bayan an ƙirga ledojinmu sun cika, na zauna da mai shagon na faɗa masa duk wannan. Bai kare kansa ba. Ya ce kuɗin man kwale-kwale ɗaya ne ko mutum huɗu aka ɗauka ko goma, kuma daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu damina kan yi ƙarfi, baƙi su ɗauke ƙafa, jagorori su koma tatsar roba da kamun kifi. Abin da aka samu a watannin rani shi ake ci duk shekara, don haka mayar da baƙo yana masa wuya. Ya nuna mini a jikin tudu inda ruwa ya kai a ambaliyar Disambar 2014, wadda ta shanye ƙauyen, ya ce daga sifili ya sake farawa. Na fahimce shi, na kuma tausaya, amma na ce masa gara ya ƙara mana kuɗi ya ƙara jagora na biyu, da mun biya da daɗin rai. Matarsa ta rubuta a littafinta. Maganar Batek kuwa ya yi shiru ya jima, sannan ya ce wasu daga cikinsu abokansa ne tun yana yaro, kuma su suka koya masa rabin abin da ya sani na daji.

Zan sake komawa wurinsu, in Allah ya yarda, kuma na riga na tura mutum biyu. Abin da na faɗa musu: ku sa a rubuta muku yawan mutanen tafiyar da yawan jagorori kafin ku tura kuɗi, ku tambayi nauyin da za ku ɗauka, ku tafi da doguwar safa da gishirin haɗin ruwa na kemis, ku guji watannin damina, kuma abin da za ku yi wa jagora ihsani ku damƙa masa hannu da hannu. Ni dai burina na gaba Gunung Tahan ne, dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin, mita 2,187, tafiyar kusan mako guda daga Kuala Tahan zuwa da dawowa. Na tambayi Pak Cik ko zai kai ni. Ya dubi idon sawuna da filasta uku, ya ce in fara hawa benen makarantarmu da jaka a baya, in dawo masa bayan damina.