Na je gidan tarihin Esie da ɗan littafina

Ni mai rubuta gajerun waƙoƙi ce, irin haikun Japan mai layi uku da gaɓoɓi 5, 7, 5. Neman abin rubutawa ne ya kai ni gidan tarihin Esie a jihar Kwara, wanda aka buɗe a 1945, shi ne na farko a Najeriya.

Mutum-mutumin dutse ne sama da 800, na wani dutse mai taushi da ake iya sassaƙawa da wuƙa. Yawancinsu zaune suke a kan kujera, maza da mata, da kitso iri-iri da tsagar fuska, wasu riƙe da adda. Da yawa kai ya rabu da gangar jiki.

Mai zagayawa da baƙi ya burge ni. Ya ba mu labarin da mutanen garin ke bayarwa, wai mutane ne aka mayar dutse, ya nuna mana wanda ake kira sarkinsu. Da ya ga na ciro biro, bai matsa mini ba.

“Hajiya, ki rubuta abinki, ina jira,” in ji shi.

Na yi tsaye gaban sarkin har ƙafata ta yi tsami, sannan wannan ta fito:

Sarki na zaune
Fadawa sun yi shiru
Ƙura ta sauka

Guda huɗu na samu, biyu shirme ne. Laifina ne, sai bayan azahar na isa, ga gajiyar mota daga Ilori. Mai niyyar rubutu ya yi sammako, ya tafi da fensir, don birona ya ƙafe a waƙa ta uku.