Gidan kallon ƙwallo na Samaru: hoto mai kyau, hayaniya mai yawa

Gidan kallon nan da ke kusa da kasuwar Samaru ya fi cika ranar da Manchester United ke wasa. Talabijin uku ne, dikodar DStv biyu, janareta da inbata. Inbatar ce babbar fa'idarsa: ko an ɗauke wuta, hoto ba ya yankewa kafin a tayar da inji.

Matsalar tana wajen farantin satilait. Ƙarami ne, saitinsa kuma ya ɗan kauce, shi ya sa da hadari ya haɗo sai sigina ta tafi. Ya kamata a sa mai faɗin santimita 90, a ɗaure shi tamau, a canza wayar da ruwa ya shiga. Fanka biyu kuma sun yi wa ɗakin kwano kaɗan a zafin Afrilu.

Sai hayaniya. An sallami kocin Manchester United, Ten Hag, a Oktoban 2024, aka kawo Amorim, duk da haka ƙungiyar ta ƙare ta 15 a Firimiya. Da an zura musu ƙwallo ɗalibai sai ihun a kori koci, ba a jin mai sharhi sam. Gara mai gidan ya ware musu talabijin ɗaya da lasifikarta. A je da wuri, bencin gaba ne ke samun iska.