Kafin ka sayi na'urar daidaita eriya ta hannu a Maradi

Rediyon masu sha'awar sadarwa an ƙera shi ne ya tarar da om 50 (ma'aunin turjiyar lantarki) a bakin eriya. Wayar da muke miƙawa daga bishiyar bedi zuwa katanga ba kasafai take ba da hakan ba, kuma da zarar ma'aunin SWR, mai nuna rashin daidaito tsakanin rediyo da eriya, ya haura 2:1, rediyon zamani yakan rage ƙarfinsa don kare kansa. Na'urar daidaita eriya da ke cikin wasu rediyoyin ba ta iya daidaita abin da ya wuce 3:1. Shi ya sa ake neman wadda ake haɗawa a wajen rediyo, kuma a nan Maradi galibi ta hannu ce, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, za ta zo maka, daga Kano ko ta hannun ɗan'uwa da ke Turai.

Iri biyu aka fi samu. Akwai mai sarrafa kanta, irin LDG Z-100Plus ko ATU-100 da ake harhaɗawa a Sin. Ka danna, ta yi ƙas-ƙas na ƴan daƙiƙu, ta gama. Daɗin aiki kam akwai, amma tana bukatar wuta, kuma idan ƙananan makunnan cikinta suka gaji ko ƙwaƙwalwarta ta ƙone, ba kowane mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya da ita ba.

Ni dai mai murɗawa nake ba da shawara, irin MFJ-949E. Tana ɗaukar wat 300, daga megahaz 1.8 zuwa 30, kuma tana zuwa da ma'aunin SWR da eriyar gwaji (wadda ke shanye ƙarfin rediyo ba tare da watsa shi a iska ba) mai om 50 a cikinta. Ba ruwanta da ɗauke wuta. Cikinta kwandansa biyu ne da naɗin waya da makunni, duk abin da ya lalace ido zai gani. Kamfanin MFJ ya daina ƙera kaya a masana'antarsa ta Amurka a 2024, don haka mai kyau idan ta samu a riƙe ta da kyau.

Kada ka biya sai an buɗe murfin. Duba faifan kwandansa: baƙin tabo alamar tartsatsi ne, an taɓa tura mata ƙarfin da ya fi ta. Shinshina makunnin, ƙauri ba ya ɓuya. Ƙurar hunturu ba matsala ba ce, hurewa ake yi, amma ta kan jawo tartsatsi idan aka bar ta tsakanin faifan. Sannan ka haɗa rediyonka, ka juya zuwa eriyar gwaji da wat 5 ko 10. Allurar ma'aunin SWR ta kwanta kusa da 1:1 a megahaz 7, da 14, da 28. Daga nan ka ɗaga zuwa wat 100 na ɗan lokaci, ka saurara. Idan ka ji tsit-tsit ko allura ta fara yawo, mayar wa mai ita kayansa, komai sauƙin kuɗin.

Na'urar ba ta gyara eriya, rediyo kawai take gamsarwa. Asarar da ke cikin dogon kebul tana nan. Mai doguwar waya ɗaya gara ya nemi irin Icom AH-4 da ake ɗaurawa a gindin eriyar, idan rediyonsa Icom ne, ya kuma yi mata inuwa saboda ranar Afrilu. Gwaji a kan iska kuwa sai da lasisin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, da alamar kira mai farawa da 5U.