Sayen manhaja ko kwafe faifai da ddrescue

Malam, tsakanin abubuwa biyun da ka jero, wato sayen manhajar dawo da bayanai ka ɗora ta kai tsaye a kan faifan sabar ofishinku (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis) da ta daɗe a tsaye, da kuma fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani sabo da ddrescue, ka ɗauki na biyu, kada ka yi wata-wata.

Faifan da ya fara gazawa kwanansa ƙirgagge ne, kuma duk karantawar da aka yi masa tana ƙara rage masa kwana. Ita ddrescue, wadda manhajar kwafe faifai ce ta kyauta daga shirin GNU, tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya cikin sauri, tana tsallake waɗanda suka lalace, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan fayil ɗin taswirar da take rubutawa yayin aiki, inda take ajiye lissafin abin da ta kwafe da abin da ya rage. Na ga amfaninsa a ofishin wani mai sayar da magunguna a Garki, wanda lissafin bashin abokan cinikinsa duka yana cikin faifai guda. Aiki ya yi nisa cikin dare aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, batirin inbata kuma bai kai asuba ba. Da wuta ta dawo na tayar da na'urar daga filashin SystemRescue, wato tsarin ceto da ake kunna kwamfuta da shi, na sake buga umarnin ddrescue da sunan taswirar, sai ga ta ta ɗora daga daidai inda ta tsaya. Mai ofishin yana tsaye a bayana yana ta hamdala, lambobi na hawa a allo. A garin da wuta ba ta da alƙawari, wannan kaɗai ya isa dalili. Ka dai ajiye taswirar a filashi, ba a faifan da ke ciwo ba, kuma faifan da za a kwafe a kansa kada ya gaza na farkon girma. Lafiyayyen faifai mai terabait 4 ma yana cin awa 7 ko fiye, mai rauni kuwa yana iya ɗaukar kwanaki, don haka ka tanadi mai.

Idan sabar taku RAID 5 ce, wato faifai da yawa da aka haɗa suna aiki kamar guda, ka rubuta lambar gurbi a jikin kowane faifai kafin ka zare shi, kuma kada ka yarda a danna sake ginawa, wato maido da bayanan faifan da ya mutu daga sauran, tukuna. Tsarin yana jure mutuwar faifai ɗaya ne kacal, sake ginawa kuma yana tilasta karanta sauran daga farko har ƙarshe, alhali galibi sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka saye su.

Manhajar saye kuwa ina da lasisin wata da na biya da dala, tana nan a ajiye. Tana da ranarta a kan kwafin da aka riga aka yi, amma manhajar dawo da bayanai ta kyauta mai suna TestDisk takan biya buƙata. Idan kuma faifan yana ƙas-ƙas in an kunna shi, daga ddrescue har manhajar saye babu wadda za ta yi, sai a kashe shi a kai wa masu buɗe faifai a ɗaki marar ƙura.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula wajen sayen sabon faifan, ko a Wuse ne ko a intanet. Akwai masu goge tsohon faifan da ya sha aiki a wata sabar, su sa shi a leda mai sheƙi su ce sabo ne fil. Ka sa a jona shi a gabanka, ka duba awoyin aikinsa da manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo, sannan ka bincika lambar jikinsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi domin ganin garanti, tun da wasunsu har lissafin awoyin suna sharewa. Wanda ya ƙi rubuta maka rasit mai ɗauke da wannan lambar, ka wuce shago na gaba.