Kafin ka zuba kuɗinka a gidan gashin naman wagyu a Japan, ka auna waɗannan

Duk wanda Allah ya kai shi Japan, ko karatu ya je ko taro ko harkar motoci, sai an samu wani ya ce masa kar ya kuskura ya dawo bai ci wagyu ba, wato naman shanun asalin Japan mai ratsin kitse. Gaskiya ne kuma, naman ya kai a ci. Amma abinci ne da zama ɗaya zai iya cinye maka yen 20,000 ko 30,000 kai kaɗai, kuma mutanenmu da yawa sunan Kobe kawai suka riƙe da kuma A5, wato giredin nama mafi girma, suna shiga su nuna mafi tsada a menu, bayan yanka huɗu kitse ya gundure su, su fito suna cewa ai kurari ne kawai. Ba kurari ba ne, zaɓin ne ba a yi shi daidai ba.

Maganar halal ita ce farko, don in ba ta daidaita ba sauran duk ɓata baki ne. Akasarin manyan gidajen gashi da ake yayi a Tokyo, irin su Jojoen da Yoroniku da Ushigoro, ba don Musulmi aka buɗe su ba, yankan ba na Musulunci ba ne, akwai giya, a gidajen yakiniku da yawa kuma, wato inda kai kake gasa naman da kanka, har naman alade ana gasawa a kan irin wayar da za a gasa naka. Sannan ga miyar da ake tsoma naman, wadda suke kira tare, yawanci ana haɗa ta da mirin da sake, dukkansu giyar shinkafa ce. To ka ga ko da naman ya halatta miyar na iya ɓata lamarin. Alhamdulillahi yanzu akwai mayankan da ke yankan halal, akwai a Sanda cikin lardin Hyogo, akwai a Kumamoto da Tokushima, saboda kasuwar Malesiya da Indonesiya da Daular Larabawa ta sa dole suka tanada, kuma daga nan ne gidajen halal na unguwannin Asakusa da Ueno da Shibuya a Tokyo, da wasu a Osaka da Kyoto da Kobe suke samun namansu. Sai dai ka lura, gwamnatin Japan ba ta da hukuma guda mai ba da shaidar halal, ƙungiyoyi ne daban-daban kamar Japan Halal Association da Japan Islamic Trust, kowa da ƙa'idarsa. Don haka gida biyu za ka gani: wanda komai na kicin ɗinsa halal ne, da wanda ya ce yana maraba da Musulmi, wato yana da naman halal a gefe da waya da faranti daban amma yana sayar da giya da sauran nama. Ni na farkon nake ba da shawara, in kuma na biyun ne kaɗai a garin da kake, ka nemi ganin satifiket ɗin naman, ka tambaya game da miya, in ba ka gamsu ba ka ci da gishiri da lemon tsami, wallahi nama mai kyau ma ya fi fito da ɗanɗanonsa a haka.

To sai salon gidan. Yakiniku shi ne wanda ake kawo maka ɗanyen nama an yayyanka shi siri-siri, ga murhu a tsakiyar tebur, kai za ka gasa da hannunka. Asalinsa yana da alaƙa da 'yan Koriya mazauna Japan bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa za ka ga kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji na Koriya, da taliya mai sanyi a menu, unguwar Tsuruhashi ta Osaka har yau ita ce cibiyar wannan. Teppanyaki kuma kuku ne zai tsaya gabanka ya soya a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, gidan Misono na Kobe ya ce shi ya fara salon a 1945. A teppanyaki yawanci gunduma ɗaya za a ba ka, giram 100 zuwa 150 na sashe guda, tare da ganye da soyayyar tafarnuwa da shinkafa, kuma wani kaso na kuɗin da ka biya na aikin kukun ne da ƙawar wurin. A yakiniku da irin wannan kuɗin za ka ɗanɗana sassa shida ko takwas na saniya. In tambayata aka yi, wanda zai ci sau ɗaya a tafiyarsa yakiniku ya fi masa riba, teppanyaki na wanda yake da baƙo ne ko maganar kasuwanci da ba ya son hankalinsa ya rabu tsakanin hira da juya nama. Akwai na tsakiya, manyan gidajen yakiniku da ma'aikaci ke tsayawa ya gasa maka kowane yanka ya gaya maka da me za ka ci shi, waɗannan su ne masu tsadar gaske kuma sai an yi buking da makonni.

Shi kuma A5 ɗin da ake ta kira. Hukumar tantance nama ta Japan ce ke ba da giredin, harafin A ko B ko C ba ruwansa da daɗi, yawan naman da aka samu daga gawar saniyar yake nunawa, lissafin mahauta ne da dillalai. Lambar 1 zuwa 5 ita ce ta inganci, ana duba yadda kitse ya ratsa cikin tsoka, da launin naman, da taurinsa, da kyan kitsen, wanda ya fi ƙaranci a cikin huɗun shi ne makin da za a ba shi. Ratsin kitsen yana da nasa ma'auni daga 1 zuwa 12, giredi 5 yana farawa ne daga 8, giredi 4 kuma 5 zuwa 7. Ma'ana A5 nama ne da ya fi kitse, ba lallai wanda ya fi daɗi a bakinka ba. Mu da muka tashi da naman shanun kiwo mai tsoka da ƙamshi, wanda ake taunawa, A5 na haƙarƙari kamar a ajiye maka farantin tozo zalla ne, yankan farko da na biyu za ka lumshe ido, na biyar sai ka fara neman ruwa. Kitsen wagyu yana narkewa da ɗan ɗumi kaɗan shi ya sa yake zamewa a baki, amma kitse dai kitse ne. A4 ya fi sauƙin kuɗi kuma mutum ya fi iya cinsa da yawa, su kansu Japanawa da yawa yanzu sun koma neman jan nama, wanda suke kira akami, har da na jajayen shanun Kumamoto da ba su cika kitse ba.

Sunan gari ma haka. Kobe ba jinsin saniya ba ne, tambari ne mai sharuɗɗa: dole saniyar ta kasance daga zuriyar Tajima, a haife ta a yi kiwonta a yanka ta a lardin Hyogo, ratsin kitsenta ya kai 6 ko sama. Ƙungiyar da ke kula da tambarin tun 1983 take, kuma sai 2012 aka fara fitar da naman zuwa waje, don haka yawancin abin da aka daɗe ana sayarwa da sunan Kobe a wasu ƙasashe kafin nan ba shi ba ne. Gidan da ke da rajista za ka ga takardar shaida da ɗan mutum-mutumin kan sa na tagulla a bakin ƙofa, kuma kowace saniya a Japan tana da lamba mai alƙaluma 10 tun bayan matsalar cutar haukan shanu ta 2001, kana iya sa lambar a intanet ka ga inda aka haife ta da inda aka yi kiwonta. Gidan da ya rubuta Kobe da manyan haruffa a titin 'yan yawon buɗe ido amma ya kasa nuna maka lamba, wuce abinka. Sannan Kobe ba shi kaɗai ba ne a sama. Matsusaka na lardin Mie karsana kawai ake yankawa wadda ba ta taɓa haihuwa ba, kuma a cikin gida mutane da yawa sun fi girmama shi. Omi na lardin Shiga shi ne mafi daɗewa. Miyazaki da Kagoshima a kudu sun sha lashe gasar wagyu ta ƙasa da ake yi duk shekara 5, naman su ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi Kobe araha nesa. A ganina in ba so kake ka ce ka ci Kobe a garin Kobe ba, wanda shi ma ba laifi tunda ga tsohon masallacin Kobe na 1935 nan kusa ka yi sallah ka gangaro, to Miyazaki ko Kagoshima A4 zai ba ka abin da kake nema ka rage kuɗin tsaraba. Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne rubutun kokusan, wato naman gida, wannan ba wagyu ba ne dole, ya haɗa da shanun madara da ruwa-biyu, ba shi da aibu amma kar a caje ka kuɗin wagyu a kansa.

Yanzu batun oda. Akwai saiti da aka riga aka tsara, akwai zaɓi ɗaiɗai, akwai kuma ci-iya-cinka na minti 90 ko 120 irin na Gyu-Kaku da makamantansu, wanda yake kamawa wajen yen 3,000 zuwa 5,000. Wannan na ƙarshen na cika ciki ne, yawanci naman daga Amurka ko Ostareliya ake shigo da shi, ba shi muke magana ba. Ga baƙo saiti ya fi, don an jera shi da hikima, a fara da harshe da gishiri da lemon tsami, a wuce jan nama, a zo masu kitse, a rufe da masu miya saboda miyar tana ƙona waya tana kashe ɗanɗanon abin da zai biyo baya. In kai za ka zaɓa da kanka ka haɗa harshe, da harami (sunan Japananci ne, ba haramun ba) wanda naman tantanin ciki ne mai taushi da ƙamshi, da ichibo na ƙugu, sai ka sa mai kitse guda ɗaya kacal, zabuton ko misuji na kafaɗa, yanka biyu biyu sun isa. Mai son kayan ciki ya nemi horumon. Kuma cin rana ya fi na dare sauƙi sosai, gidan da saitin darensa yen 15,000 ne sau da yawa za ka samu farantin rana a 4,000 ko 6,000 daga naman saniya ɗaya, sai dai ba a kawo sassan da suka fi tsada.

Murhu na gawayi ko na gas? Gawayin binchotan na Wakayama yana da zafi mai ƙarfi ba hayaƙi sosai, yana ba nama ƙamshi, ya dace da harshe da harami masu kauri. Amma siririn yanka mai kitse a kan gawayi in ba ka iya ba wuta za ta tashi ta babbake shi, gas ya fi sauƙin sarrafawa, kuma manyan gidaje da dama gas suke amfani da shi da gangan. Kar wannan ya zama abin da zai hana ka shiga wuri.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wajen gashin. Mun saba nama sai ya gasu ƙwarai, shi kuwa wannan siririn yanka sakan goma zuwa ashirin kowane gefe ya ishe shi, in ka bar shi kitsen da ka biya kuɗi dominsa zai tsiyaye cikin wuta ka ɗauko busasshen abu. Kar ka cika waya da nama, ɗaya ko biyu a lokaci guda, ka ɗauki ɗanye da matsen ƙarfe ba da tsinken cin abinci ba, in waya ta yi baƙi ka ce a canza, kyauta ne a mafi yawan wurare. In ba ka iya cin nama mai ja a ciki, faɗa musu tun farko su ba ka sassan da ke jure wuta kamar harami da haƙarƙari, ya fi ka sayi tsakiyar fillet mai tsadar gaske ka ƙona. Kayan ciki dai a gasa su sosai. Ɗanyen nama da suke kira yukke kuwa ni ban ba da shawara ba, a 2011 mutum 5 sun rasu sanadin cinsa a wasu rassan gidan yakiniku, daga 2012 ma aka haramta sayar da ɗanyar hantar saniya gaba ɗaya.

A lissafinka ka sa harajin kashi 10, wasu gidajen su ƙara kashi 10 na hidima da dare, wasu kuma da ɗan kuɗin zama. Ba a ba da tukwici a Japan, kar ka bari a tebur za su biyo ka da shi. In kana duba Tabelog, shafin intanet da Japanawa ke ba gidajen abinci maki, kar maki 3.5 ya sa ka raina wuri, a wajensu wannan babban maki ne. In ka yi buking ka je kan lokaci, makarar minti 15 na iya sa a ba wani teburinka, fasa zuwa a ranar kuma wurare da yawa cikakken kuɗin saiti za su cire daga katinka. Sannan don Allah a ranar a sassauta turare, mu mutane ne masu son oud da almiski, amma ƙananan gidajen nan masu kujera goma sha wani abu suna roƙon kwastoma kar ya zo da ƙamshi mai ƙarfi don yana danne ƙamshin naman ga na kusa da shi, wasu har a shafin buking suke rubutawa.